Neman Ɗanlami Gola a Abuja

Tun da na dawo daga Abuja ban huta ba. Duk wanda ya shigo shagona sayen maganin ciwon kai sai ya jingina da kanta ya tambaye ni ya Abujar take. Wasu so suke in ce na ga fadar shugaban ƙasa, wasu so suke su ji ko gaskiya ne ba a ɗauke wuta a can. Ban ga fadar ba, kuma ana ɗauke wuta. Bari in faɗi labarin sau ɗaya kowa ya ji, don bakina ya gaji. Ni ba yawon buɗe ido na je ba. Aurena na je cetowa, kuma da Baffa Iro na tafi.

Ga wanda bai san shi ba, Baffa Iro ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba. Tsohon hedimasta ne a nan Funtuwa. Ya bar makaranta, amma bai bar tambaya ba. Kowace Juma'a bayan la'asar majalisar ƙofar gidansa tana zaman kacici-kacici: tarihin ƙwallo, sarakuna da shugabannin da, manyan biranen duniya. Shi ne mai tambaya, shi ne kuma alƙali. Wanda ya fi kowa ja da shi a wurin shi ne amininsa tun ƙuruciya, Malam Sule mai gyaran agogo, mahaifin Rukayya da nake nema.

Wata Juma'a tambayoyi suka ƙare wa Baffa, sai ya jawo ta gida. Ya ce wa ya ci ƙwallon da ta ba ƙungiyar unguwarsu, Guguwar Tasha, kofi a wasan ƙarshe, zamanin suna samari? Amsar da ya tanada ita ce shi kansa, da ka ya doka ta raga. Malam Sule ya ce a'a, shi ne ya tura ta raga da ƙafa. Aka fara da dariya, aka ƙare da naɗe tabarma. Baffa ya rantse ba zai taka gidan mutumin da ya ƙaryata shi gaban jama'a ba. Malam Sule kuma ya ce ba zai karɓi neman auren 'yarsa daga bakin kowa ba sai Iro, tunda shi ne ubana. Haka maganar aurena ta tsaya cak tun kafin damina. Rukayya mai haƙuri ce, amma ran nan ta ce mini, "Nura, ni fa ba zan tsufa ina jiran sakamakon wasan da aka buga kafin a haife ni ba."

Dattawan majalisa suka shiga tsakani, aka tsaya a kan cewa ban da su biyun, mutum ɗaya ya rage a duniya cikin waɗanda suka buga wasan, wato golansu, Ɗanlami, wanda ya koma Abuja da daɗewa. Duk abin da ya faɗa, kowa ya yarda. Babu mai lambar wayarsa. Abin da aka sani kawai, wani direba ya taɓa cewa yana zaune a wani titi cikin birni mai sunan wani ɗan siyasar jamhuriya ta farko. Baffa ya ce wannan ya wadatar, ai birni ne mai tsari. Ni aka ɗora wa rakiya, in zama shaida.

Tun daga tashar Funtuwa na san na shiga uku. Baffa ya kama kujerar gaba, kafin mu kai Giwa ya tambayi direba wace ƙasa ce ta fara karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya. Direba ya ce Ingila. Baffa ya yi dariyar nan tasa ta hedimasta, ya ce Uruguay, ya kuma shiga bayanin yadda 'yan wasan Turai suka je can a jirgin ruwa. Direba ya ƙara muryar rediyo, Baffa ya ƙara tasa. Wata mata a bayana ta tambaye ni a hankali ko babana lafiya yake. Na ce mata lafiyarsa ƙalau, abin da ya fi damuna ke nan.

Bayan Kaduna aka tsayar da mu a wani shinge. Jami'in ya leƙo ya tambayi Baffa ina za shi, me zai je yi. Tambaya ce ta al'ada, kowa cewa yake ziyara a wuce. Baffa ya gyara zama ya fara daga farko: yadda aka bugo ƙwallon daga gefe, yadda ya yi tsalle, inda Sule yake tsaye. Jami'in ya saurara kaɗan, ya kalli layin motocin da ya taru a bayanmu, ya buga rufin motar ya ce direba ya tafi don Allah. Ko but ɗin motar bai buɗe ba. Direban ya ce da ya san haka abin yake, da kullum ya riƙa ɗaukar tsohon nan kyauta.

A Tafa muka tsaya cin abinci, kuma a nan wani tunani ya faɗo mini. In Ɗanlami ya ba Baffa gaskiya, Malam Sule ya sha kunya gaban gari, da wace fuska zai karɓe mu? In kuma ya ba Malam Sule, na san Baffa, ko da igiya ba za a ja shi gidan ba. Wato duk amsar da muka taho nema, ni ne zan faɗi. Na ji tsoro sosai, ban kuma da wanda zan gaya wa. Baffa yana gefe yana cin tsire, yana tambayar mai tsiren sunan sarkin da ya gina ganuwar garinsu.

Da muka doshi Suleja, dutsen nan na Zuma ya bayyana, Baffa ya juyo ya tambayi mota gaba ɗaya menene sunan Suleja na da. Kowa ya yi kamar yana barci. Ya ba kansa amsa, ya ce Abuja ne sunanta, aron sunan aka yi aka ba sabon birni. Daga Zuba titi ya buɗe, motoci suka yi ta wuce mu kamar ana korarsu. Can gaba kaɗan direba ya ce ko akwai mai sauka Dei-Dei, na ga manyan motoci jere da tarin katako da rodi a gefen hanya. Ba mu sauka ba. Ku riƙe wannan a ranku.

A tashar Utako muka sauka, a nan kuma birni mai tsari ya fara nuna mana halinsa. Baffa ya tari direban tasi ya faɗa masa sunan titin da muke nema, cikakke, har da laƙabin mai sunan. Mutumin ya ce, "Oga, wane janshin? Kusa da wane gidan mai?" Na biyu ya tambaya ko ƙarƙashin gada ne. Na uku ya ce shi alon yake yi, wato yana bin hanya ɗaya ne yana kwasar mutane yana saukewa, in hanyarmu ce mu shiga, in ba ita ba ce mu matsa. Babu wanda ya san titin da sunansa. Baffa bai damu da ɓatan da muka yi ba. Abin da ya ƙona masa rai shi ne babu wanda ya san waye mai sunan. Ya tsaya tsakiyar tasha yana ba su tarihin mutumin, inda aka haife shi da muƙaman da ya riƙe, ni ina riƙe da jakunkuna biyu, rana tana dukana.

A gida in kana neman mutum, sai a ce maka bayan gidan Alhaji wane, kusa da mai ƙosai, kuma kafin ka isa wani ya riga ka ya sanar. A Abuja kowane titi yana da allo mai sunan babban mutum, amma mazaunansa ba su san mai sunan ba, ba su san maƙwabcinsu ba. Na ce wa Baffa mu duba taswirar waya. Ya ce shi da ya koyar da labarin ƙasa ba zai bari waya ta ja shi kamar akuya ba. Na duba a ɓoye, na riƙa cewa ina ji a jikina nan ne hanya.

Acaɓa babu a cikin birni, an hana. Muka samu tasin da ya yarda ya kai mu kusa. A danja ta farko da ta tsayar da mu, Baffa ya tambayi direban ko ya san daga ina alƙalan wasa suka samo katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa da jan kati. Direban ya ce bai sani ba, kuma ba ya son sani. Baffa ya ce daga irin wannan fitilar ce, wani alƙalin wasa Bature yana tuƙi ta tsayar da shi, tunanin ya zo masa. Gaskiya tambayar ta yi daɗi, amma a lokacin ko zuma aka ba ni ba zan ji zaƙinta ba.

Inda aka sauke mu sai mun tsallaka wani faffaɗan titi. Akwai zanen fari da baƙi na masu tafiya a ƙasa. Baffa ya yi murna kamar ya ga ɗan'uwa. Ya ce a doka, da zarar ka ɗora ƙafa a kan zanen nan dole kowace mota ta tsaya, wannan tambaya ya sha yi wa majalisa. Kafin in riƙe shi ya ɗora ƙafar, ya ɗaga hannu, ya shiga. Wata baƙar mota ta zo ta wuce ta gabansa har iskarta ta cire masa hula. Na fizgo shi ta babbar riga, muka zube kan dakalin gefen titi. Hular tana can tsakiya, motoci suna bi ta kanta ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa cewa ya yi direban ne bai san doka ba, amsarsa tana nan daidai.

Titin da muka sha wahala a kansa, da muka same shi, dogayen katangu ne da waya mai lantarki a sama, babu ko mai shayi. Muka bi ƙofa ƙofa. Masu gadi suna leƙowa ta ɗan ramin ƙofar ƙarfe, su ce babu mai wannan suna, su rufe. Ko ruwa babu wanda ya ce mu sha. Da yunwa ta ci ƙarfinmu muka koma wajen kasuwar Utako, muka shiga wani gidan abinci inda sai ka biya kafin a zuba maka, a ba ka a roba, ka ci kana kallon bango. Baffa ya yi wa na kusa da shi bismillah, mutumin ya ja robarsa gefe.

Masaukinmu a Jiwa yake, wurin Habu, ɗan unguwarmu da ke sayar da atamfa a kasuwar. Da muka isa wajen magariba sai na ji kamar na dawo duniya: gonaki, awaki, mutane suna amsa sallama. Gidan haya ne na mutane da yawa, kuma maƙwabciyar Habu, Madam Saratu, Kirista ce 'yar Filato mai sayar da abinci. Ta ga tsoho ba hula, ƙura har gira, ta kawo mana gwaten acca da zafinsa. Baffa bai taɓa ci ba. Ya juya cokali yana bincike, sannan ya tambaye ta ko ta san wane gwamna ne ya fara mulkin jiharsu. Ta ce, "Baba, ka ci abinci tukuna, ni na gama makaranta tun da daɗewa." Ya cinye, ya karɓi ƙari.

Da cikinsa ya ɗauka, sai ya koma kan ƙwallon nan, karo na ban san adadi ba. Na tashi zan bar wurin don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Yana cikin ambaton golansu Ɗanlami sai Madam Saratu ta ajiye kwanon da take wankewa. Ta tambaya ko wani ƙaton mutum ne ɗan Funtuwa, mai karyayyen ɗan yatsa. Baffa ya ce shi ne, a wasa ya karye. Ta ce ai Alhaji Gola ke nan na kasuwar kayan gini a Dei-Dei, mijinta ne ke tuƙa masa mota. Titin nan na cikin birni kuwa, kwanon rufi kawai ya taɓa kaiwa wani gida lokacin ana gininsa. Wato mun wuce mutumin tun da rana, mun je mun ba da hula sadaka. Baffa ya kalle ni ya ce in lura, da ya yi shiru kamar yadda nake so, da ba mu same shi ba. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Da safe Habu ya ara masa hula muka nufi Dei-Dei. Motar ta sauke mu a tsallaken babban titi, ga gadar masu tafiya a ƙasa a kanmu. Na nufi matakala. Baffa ya ce jiya ya gane babu doka a garin nan, don haka ba zai wahalar da gwiwarsa ba, ya bi ta ƙasa. Haka na bi shi da gudu muna kauce wa tireloli. Muna isa ɗaya gefen wasu ma'aikata masu riguna iri ɗaya suka tare mu, suka ce an hana tsallakawa ta ƙasa inda akwai gada. Na yi ta ba da haƙuri, na nuna musu furfurarsa. Suka ce sun yafe, amma sai mun hau gadar mun je can gefen mun dawo, don mu koya. Muka hau, muka je, muka dawo, masu talla suna mana sannu. A saman gadar Baffa ya tsaya yana haki, ya ce garin da ake take mai bin doka a kuma kama mai karya ta, shi bai san amsar da zai ba shi ba. Wannan ne karo na farko da na ji ya ce bai san amsa ba.

A kasuwar ba mu ambaci sunan titi ba. Alhaji Gola kawai muka ce, aka yi ta miƙa mu hannu zuwa hannu har rumfarsa, tsakanin tarin kwano da buhunan siminti. Yana zaune, tumbi ya cika kujera. Ya ɗago ya ga Baffa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Iro?" Suka rungume juna, tsofaffi biyu suna share ido da hannun riga. Abin da ya fara tambaya bayan gaisuwa shi ne ina Sule. Baffa ya ce yana nan, ya kawar da kai.

Aka aika kara, wato kasuwar dabbobi, aka kawo balangu mai zafi. Ban iya ci ba. Da aka wanke hannu Baffa ya gyara murya ya shimfiɗa ƙararsa, ya faɗi yadda Sule ya ƙaryata shi, da yadda suka daina gaisawa, har ya ƙara da cewa ga auren yaron nan da 'yar Sule ya tsaya a kai. Ya ce in kunna waya in ɗauki amsar. Alhaji bai kalli Baffa ba, ni ya kalla, ya daɗe.

"Iro, ashe har yau ba ku sani ba?" in ji shi. "Ai ni na ci ƙwallon nan."

Ya ce daga ragarsa ya yi dogon bugu, iska ta ɗauke ta, ta faɗi ta yi tsalle ta haye golan abokan hamayya. Iro ya yi tsalle bai same ta ba. Sule kuma ya zamo ya shiga raga bayan ta riga ta shiga. Ya ce ya yi shiru ne duk shekarun nan don kada ya ɓata musu murna.

Na ga jijiyar wuyan Baffa ta tashi. Ya miƙe, ya karɓe wayar daga hannuna, ya danna lamba da ka. Ya daɗe da goge lambar Malam Sule daga wayarsa, ashe tana nan a kansa. Ko sallama bai yi ba.

"Sule, ni ne. Ka ji abin da Ɗanlami yake faɗa? Wai shi ya ci."

Muryar Malam Sule ta fito har ina ji. "Wane Ɗanlamin? Golan da bugunsa bai taɓa wuce tsakiyar fili ba?"

"Wai na yi tsalle ban same ta ba."

"Ƙarya yake. Ka sa mata kai mana, ina kusa da kai, har ƙarar na ji."

"Kai ma wai bayan ta shiga ka zo. Alhali ƙafarka ta taɓa ta a kan layi, da idona na gani."

Daga shi har Malam Sule babu wanda ya lura da abin da ya fito daga bakinsa. Suka ci gaba, wannan ya tuno ƙwallon banza da Ɗanlami ya taɓa bari ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa, wancan ya tuno wata. Baffa ya fita bakin rumfa yana zagaya tarin rodi, yana nuna sama da hannu, har na ji yana dariya. Ni kuwa na zauna kan buhun siminti, idona ya cika, na yi kamar ƙura ce.

Na matsa kusa da Alhaji na tambaye shi a hankali, tsakaninsa da Allah, wa ya ci. Ya ɗauki ragowar balangu ya sa a baki.

"Ɗana, ni ina can ɗaya ragar, tsawon fili guda tsakaninmu, ga ƙura. Me zan gani? Je ka yi aurenka."

Baffa ya ƙi yi masa sallama ta kirki, amma ya karɓi turmin shadda da ya ba shi, ya karɓi na Sule ma. A hanyar dawowa bai yi wa kowa tambaya ba, wayata ce dai ta mutu a hannunsa kafin Zariya, suna ta hira da Malam Sule.

To, masu tambayata ya Abuja, abin da na gani ke nan: tasha, katangu, gada, da hular Baffa a tsakiyar titi. Ranar Juma'ar da ta biyo baya Malam Sule ya zo majalisa da tabarmarsa, ya shimfiɗa a inda ya saba. Baffa ya buɗe zama da sabuwar tambaya, ya ce wane gola ne ya fi kowa ƙarya a tarihin ƙwallon garin nan. Bai rufe baki ba Malam Sule ya amsa, Baffa ya ce ya ci. Da aka tashi, Baffa ya shiga gida ya sako babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya ce in ɗauko goron da ya daɗe a ajiye mu bi Sule gida, kada dare ya yi.